KU DAINA CE WA MUTANE SU JONA MOTAR LANTARKI A SOKET ƊIN ƊAKI

Yau ba koyar da saita waya za mu yi ba, faɗa na zo yi. Kuma da mutum uku zan yi shi: dillalin da ke sayar da babur ko mota mai caji, mai ɗaukar bidiyon da ke tallata masa, da mai wayarin ɗin da in ka tambaye shi ko wannan siririyar wayar za ta ɗauka sai ya ce maka "zai yi, Alhaji". Dukkansu magana ɗaya suke gaya maka, wai abin kamar cajin wayar hannu ne, ka jona a bango ka kwanta, da asuba ya cika. Ɗan uwa, wannan magana ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke ƙona gida ce da mutane a ciki.

Ni gyaran wayar hannu nake yi a nan Pauwa. Ba na sayar da kebur, ba na karɓar kwangilar wayarin, don haka babu abin da zan ci a jikinka. Amma batir da caja su ne abincina kullum, na san yadda batir ke kumbura, na san warin soket in ya fara narkewa. Bari mu yi lissafi kawai, kai ma ka yanke hukunci.

Batirin wayar da ke hannunka, in mai 5000mAh ne, wutar da yake riƙewa ba ta wuce wat 19 na awa ɗaya ba. Hyundai Kona, motar lantarkin da kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a ƙarshen 2020, babban batirinta kilowat 64 ne, wato yunit 64 na mitar gidanka. Raba ka gani. Cika motar nan sau ɗaya daidai yake da cika waya sama da 3,300. Akwatin cajin da ake mannawa a bango kuwa, na layi ɗaya, yana jan kilowat 7.4, wato am 32 a kan bolt 230. Kamar ka jona cajar waya mai sauri guda 400 ne lokaci ɗaya a waya guda, kuma ba na minti goma ba, na awa tara zuwa goma ba tsayawa. Duk mai shagon caji a kasuwar Ƙanƙara ko Sheme ya san yadda allonsa ke zafi da waya 60 kacal. To ninka.

Za su ce maka ai motar da ƙaramar cajarta take zuwa, mai fulogi irin na gida. Gaskiya ne. Wannan tana jan kamar am 10, kilowat 2.3, kuma soket ɗin da muke amfani da shi an rubuta masa am 13, saboda haka a takarda ya isa. Amma wanne soket? Wanda aka saya mai araha a kasuwa, aka ɗaura shi da waya mai lamba 1.5 da aka yi don kwan fitila, shekara takwas ba wanda ya taɓa buɗe shi ya ƙara ɗaure kusoshinsa? Dutsen guga yana jan wuta sosai shi ma, sai dai yana ɗauka yana saki, minti ashirin an gama. Mota ba ta saki. Da wannan ƙaramar caja sai ta yi kusan awa 30 tana sha kafin batirin Kona ya cika daga ƙasa. Idan layinku na cikin rukunin da aka yi wa alƙawarin awa huɗu a rana, sama da mako guda ke nan. Wannan ma ba sa faɗa a bidiyo.

Ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta komai. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta. In wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. In ta ninka sau uku, zafin sau tara. Kuma ba a tsakiyar waya yake taruwa ba, a mahaɗa yake taruwa, inda kusa ta yi sako-sako, ko inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da baƙin salatif. Mahaɗar da ta ɗan saki kaɗan, turjiyarta ta kai om 0.05, abin da ko mitar gwajinka da ƙyar za ta nuna, in am 32 ya bi ta kanta za ta fitar da zafin wat 50. Ƙarfen da nake narka dalma da shi a kan allon waya bai fi haka ƙarfi ba. Ka ga ke nan kana da ƙarfen narka dalma a kunne cikin bangonka, ko cikin silin kusa da katako, tun bayan isha'i har asuba, kana barci. Robar soket ba ta kama wuta rana ɗaya, a hankali take dahuwa, ta yi ruwan ƙasa, ta yi baƙi, ta fara wari kamar kifin da ya ƙone, sai wani dare ta tashi.

Sai maganar wayar kanta. Kasuwa cike take da kebur ɗin da ganin kitse ake wa rogo: waje ja kamar tagulla, ciki alminiyam ne aka yi wa fenti. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka yake iya ɗauka, kuma yana saki a ƙarƙashin kusa yau da gobe. Wata kuma an rubuta 2.5 a jikin robar, in ka fere sai ka ga cikin bai kai 1.5 ba, robar ce aka yi wa kauri. Muna da kamfanoni a ƙasar nan masu yin waya mai kyau, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, shi ya sa ma 'yan jabu ke buga sunayensu a jikin tasu. Kafin ka biya, ka sa wuƙa ka kankare silin wayar. In fari ya fito, ajiye musu kayansu. Ko ka kara mata ashana, tagulla za ta yi ja ta tsaya, ta jabu lanƙwashewa take ta zube. Ka ɗaga nadin ma ka ji, na gaskiya yana da nauyi. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai za ta hana ka ba.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. Akwatin nan na bango da ake kira caja, ainihin caja ba shi ba ne. Cajar tana cikin motar. Aikin akwatin shi ne ya gaya wa motar yawan wutar da aka yarda ta ja, ya duba ko akwai wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa at, sannan ya buɗe hanya. Da yawa daga cikinsu in ba su ga at ba sai su kunna jar fitila su ƙi aiki. Gidajenmu kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, cikin goma nawa ne ke da at? Waya biyu ake ja, layif da nutural, rami na uku na soket yana nan fanko, sai dai a tura masa tsinken tsintsiya ko murfin biro don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga. To da jar fitila ta kama, sai gwanin ya ce "bari in yi mata dabara", ya ɗauko guntun waya ya haɗa nutural da ramin at a bayan soket. Fitila ta koma kore, kowa ya tafa, a ɗora a TikTok.

Ka san abin da ya yi? Ya haɗa gangar jikin motarka da nutural. Ranar da nutural ya tsinke a kan fol, ko aka je gyaran layi aka juya wayoyin biyu, ko wanda ya haɗa maka canjin janareto ya sa su a baibai, ƙarfen motar gaba ɗaya ya zama layif, bolt 230. Motar tana tsaye a kan tayar roba, wutar ba ta da hanyar sauka ƙasa, tana nan tana jira. Wa zai ba ta hanya? Yaron da ya fito da safe ba takalmi, tsakar gida a jiƙe da ruwan damina, ya dafa ƙofar mota. Wutar da ke tsayar da zuciyar mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na am ɗaya ba. Wanda ya yi dabarar yana gidansu yana shan shayi. Wallahi duk wanda ya yi maka wannan haɗi, ko ƙaninka ne, ka kore shi daga aikin, kada ka tsaya jin bayani.

Wasu kuma sun ɗan fi wayo, za su kafa maka sandar at a ƙasa, su jona kwan fitila tsakanin layif da sandar, ya kama, su ce ka gani, at ya yi. Wannan gwajin bai nuna komai ba. Mu ɗauka sandar tana da turjiyar om 50, wanda a busasshiyar ƙasarmu ta watan Maris sai an yi da gaske ake samun haka. Idan layif ya taɓa jikin mota, bolt 230 a raba da 50, am 4.6 ne zai sauka ƙasa. Birekar da ke kan layin ta am 40 ce. Za ta faɗi? Ba za ta ko motsa ba, a wurinta wannan ɗan ƙaramin lodi ne kamar firji da fanka. Jikin motar yana nan da wuta, bireka tana kallo. Abin da ke ceton rai a nan shi ne na'urar da ake kira RCD, mai lamba 30mA. Ita tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, da ta ga sun bambanta da ɗan ƙanƙanin abu, ta san wuta na zurarewa wani wuri, ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Bireka waya take karewa daga ƙonewa, RCD mutum take karewa. Mai wayarin ɗin da bai iya bambanta maka su biyun nan ba, ya je ya ci gaba da sa kwan fitila.

Ita ma RCD ɗin iri-iri ce, kuma a nan ake cutar masu kuɗi ma. Wadda ta cika kasuwa, mai rubutun AC, cajin mota na iya makantar da ita, domin motar na iya zurarar da wuta irin ta batir, DC, wadda ke toshe mata hanci ta kasa jin komai. Ko dai ka sa mai rubutun B, wadda ta fi tsada, ko ka sa mai rubutun A idan akwatin cajin naka an rubuta a takardarsa cewa yana gano zurarar DC ta 6mA da kansa. Duba takardar. In babu takarda, akwatin ba shi da suna, ba shi da lamba, daga buhu aka zazzago shi, to ka san abin da ka saya.

Yadda aikin gaskiya yake ba wani sirri ba ne. Layi ne na musamman daga allon rarraba wuta na gida zuwa wurin da motar ke kwana, babu fanka a kansa, babu firji, babu reshe ko ɗaya, kuma babu mahaɗa a tsakiya. Don am 32, tagulla mai lamba 6, waya uku, cikin bututu. Idan nisan ya haura kamar mita 30 na tsawo, ko wayar za ta bi cikin silin ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa, a hau zuwa lamba 10. Bireka ta am 40 da RCD ɗin da na faɗa a farkon layin, da na'urar kare tsawa da hauhawar wuta, domin allon da ke cikin motar nan ba irin wanda za ka kawo min in canja maka IC ba ne. Sandar at ta tagulla, doguwa, a kafa ta inda ƙasa ke da danshi, a auna ta da na'urar auna at ta gaskiya, kuma a sake aunawa da rani. Gishirin da ake zubawa a ramin yana saukar da lambar a ranar, amma shi ke cinye sandar daga baya. Akwatin a ɗaga shi sama da ƙasa, a inuwa, inda feshin ruwa ba ya kai masa. Kusoshi a ɗaure su tamau, bayan mako biyu a kashe wuta a sake bi a ɗaure. Akwai hukuma mai suna NEMSA da dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Tambayi naka ya nuna maka tasa. In ya yi fushi, ka samu amsa.

To ko ka yi duk wannan, saura maƙwabtanka. Gida mai kwan fitila biyar, fanka biyu da talabijin bai cika wuce wat 300 ba. Cajarka ta kilowat 7 gida ashirin da wani abu ce ita kaɗai, a kan layi ɗaya na tiransifomar da tun asali nishi take. Ka jona, fitilun unguwa su dushe, fankar tsohuwar da ke bayan gidanka ta koma juyin wahainiya. In tiransifoma ta ƙone, kowa ya san yadda ake yi a garuruwanmu, gida-gida za a bi ana karɓar kuɗin gyara, mai shayi da mai faci su biya abin da motarka ta cinye, a yi wata da watanni cikin duhu. In kuma ba ka da mita, bil ɗin ƙiyasi ake raba muku, to wutarka a wuyan wasu take. Mai tsallake mita ya ja kai tsaye daga fol don ya yi caji kyauta, shi ba sai na ɓata bakina ba, sata ce, kuma ya cire fis ɗin ƙarshe da ke tsakaninsa da gobara. KEDCO ce ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Kafin ka ɗora lodi irin wannan ka je ofishinsu a duba mitarka da wayar da ta sauko maka daga fol. Kuma akwatunan nan da yawa ana iya rage musu ƙarfi zuwa am 16 ko 10. Wanda tafiyarsa ta yini kilomita 40 ce, yunit shida zuwa bakwai yake buƙata, am 16 zai mayar masa da su cikin awa biyu. Me zai kai ka 32 in ba son a gani ba?

Na san wani zai ce, kai kuma wa ke da motar lantarki a Pauwa da kake ta wannan surutu? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada ka ɗauka ina cikin masu cewa abin nan ba namu ba ne, su ma ban yarda da su ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya daɗe yana cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, suna ɗaukar fasinja a cikin gari. Hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun 2021. Habasha ma a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai gaba ɗaya. Mu kuma nan, duk wanda ya ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe shagunan cajin waya, ya san darajar abin hawan da zai ci daga rufin gidanka ba sai ka bi layin gidan mai ba. Abin zai zo. Sai dai ba da Kona zai fara shigo mana ba, da babur da Keke Napep zai fara, kuma a nan haɗarin ya fi kusa da talaka.

Cajar babur ba ta da jan wuta sosai. Batir mai bolt 72, caja mai am 10, abin da take ja daga bango bai kai kilowat ɗaya ba, soket mai kyau zai ɗauka. Matsalar tana cikin batirin da cajar. Batirin da aka rubuta wa 72 iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙwaya 20 a jere, kowace ƙwaya iyakarta bolt 4.2, cajarsa 84 ce. Akwai na LiFePO4 mai ƙwaya 24, cajarsa 87.6. Bakin cajar sau da yawa iri ɗaya ne, duka biyun an rubuta musu 72. Cajarka ta lalace, ka ari ta abokinka ko ka sayi ta hannu, ka sa mai 87.6 a kan batir mai 84, kowace ƙwaya ana tura ta zuwa 4.38. In allon da ke gadin batirin, BMS, na kirki ne, zai yanke. In na jabu ne, ko wani gwani ya cire shi wai yana hana babur gudu, shi ke nan. Kullum ana kawo min waya batirinta ya kumbura ya ɗaga sikirin, ƙwaya ɗaya ce tal, amma in na cire ta waje nake kai ta, ba na barin ta kwana a shago. Batirin babur ɗaruruwan irinta ne a manne da juna, ɗaya ta kama sai ta kunna ta kusa da ita. Balle wanda ake haɗawa da ƙwayoyin tsofaffin batiran laftof, wannan ta Sin, waccan ta Koriya, wata ta shekara bakwai, a naɗe da leda shuɗiya a ce sabo ne.

Kada ka ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a samun haka. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai, batiran irin waɗannan sun haddasa gobara 268, mutum 18 suka mutu. A birnin Nanjin na ƙasar Sin, cikin Fabrairun 2024, wuta ta tashi daga inda ake ajiye baburan lantarki a ƙasan wani dogon bene, mutum 15 suka rasu. Waɗannan garuruwa ne da motar kashe gobara ke isowa cikin mintuna. Kai fa? Mu da halin tsaro ya sa kowa ke shigar da babur cikin ɗaki ko zaure, a rufe ƙofar ƙarfe da sakata biyu, taga duk an yi mata ƙarafa. Zauren nan shi ne hanya ɗaya tilo ta fita daga gidan. A gefe ga galan ɗin fetur na janareto, ga buhunan masara, ga harawar dabbobi. Wutar batirin litiyam ba ta ba ka lokacin neman makulli, tsartuwa take kamar wutar walda, hayaƙinta guba ne, kuma ko an kashe ta tana iya sake tashi bayan awanni. In ka ji batir na huci, ko yana wari mai zaƙi-zaƙi, ko ya kumbura, kashe wuta daga allo in hannunka zai kai, ka fitar da iyali, kada ka tsaya ceton babur.

Shi ya sa nake cewa cajin dare a cikin ɗaki a bar shi kwata-kwata. Ka yi 'yar rumfa ta bulo da kwano a tsakar gida, nesa da ɗakin kwana da hanyar fita, ƙasanta siminti, iska na shiga, ka sa mata ƙofa da kwaɗo saboda ɓarayi. Na Keke masu batirin ruwa ma iskar suke so, domin suna fitar da iskar gas mai kamawa in suna caji. Soket ɗaya mai kyau, waya 2.5 ta tagulla, at, da RCD. Banda istenshin, musamman irin na nadi da ake barin sa a naɗe, wannan murhu ne. In ka dawo daga aiki da zafin Afrilu batir na ƙuna, bar shi ya huce kamar awa ɗaya kafin ka jona, litiyam ba ya son caji in zafinsa ya haura digiri 45. Kuma ka yi cajin idonka biyu.

Wanda ya fi dacewa da mu ma da rana ne, da sola. Faranti mai wat 550 yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini in an goge masa ƙura, da hunturu ya ragu. Batirin babur mai bolt 72 da am 40 bai kai yunit uku ba, faranti biyu da inbata mai kyau sun cika shi. Mota kuwa, mai son cika yunit 64 a yini ɗaya sai ya shimfiɗa faranti kusan 30, amma mai mayar da abin da ya ƙona a tafiyar yau, huɗu sun ishe shi. Wanda zai ce maka ka jona mota a inbatar gida mai batirin ruwa biyu na am 200, ka tambaye shi lissafi: duka biyun yunit 4.8 suke riƙewa, rabi ake taɓawa in ana son su daɗe, ƙaramar cajar mota za ta shanye wannan cikin awa ɗaya. Ƙaramin janareton shago mai wat 900 kuwa ko tayar da ita ba zai yi ba. Ka tuna watan Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Wanda ya dogara da fol kaɗai, da motar tasa ta zama wurin kwanan kaji.

Dillalai, da ku nake. Kuna karɓar miliyoyi a hannun mutum, ba za ku iya ba shi takarda ɗaya da Hausa ba, mai cewa cajar nan bolt kaza ce, kada a sa wata, ga irin wayar da ake ja mata, ga inda ba a caji? Masu bidiyo kuma, kun nuna mota na sheƙi, kun nuna fulogi ya shiga, sau ɗaya dai ku buɗe allon wutar gidan ku nuna mana abin da ke ciki, ku danna maɓallin gwajin RCD a gaban kyamara mu ji ta faɗi.

Kai kuma mai karatu, ko ba ka da babur ɗin tukuna, yau da daddare in an kawo wuta, bayan firji ko hita ya yi awa ɗaya yana aiki, je ka dafa bayan hannunka a murfin soket ɗin. In ka ji ɗumi, ko ka ga bakin ramin ya yi ruwan ƙasa, kashe layin daga allo, gobe a canja shi. A rubutu na gaba zan nuna yadda ake karanta lambobin da ke bayan cajar babur da na jikin batir, don ka san ko nasu ɗaya kafin ka biya kuɗi.